Yadda Ƙwaro Ya Sa Ƙunshi Magana

A wani ƙaramin kamfani mai gina wa mutane shafukan intanet, can saman bene, a ɗaki mai fanka da ke kuka kamar tsohuwar akuya, akwai wani ma'aikaci da ake kira Ƙwaro. Ba wanda ya raɗa masa wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma sa aka buga shi a jikin kofin shayinsa don kada a manta. In ka ce masa kwamfutarka ta ƙi tashi, kafin ka rufe baki ya ce, "Wannan ai ina barci zan gyara ta." Yakan gyara kuwa. Sai dai bayan ya gama, har na'urar buga takarda da ba ruwanta sai an kira mata mai gyara.

Aikin da ke hannunsu a lokacin shi ne shafin wani asibitin haƙori. Ta shafin nan ake ba marasa lafiya ranar ganin Likita, ta nan ake tura musu saƙon tuni a waya, ta nan ake odar auduga, ta nan ake sanar da ma'aikata ranar hutu. Masu ginawa kuwa a warwatse suke rubuta shi, fayil-fayil. In za a kai wa mai shi, sai wata manhaja da suke kira injin haɗi ta tattara rubutun kaf, ta matse shi, ta ɗaure shi ƙunshi ɗaya, yadda ko wanda ya rubuta ba zai gane hannunsa ba. Matsalar ita ce ƙunshi da ƙunshi kamarsu ɗaya, kamar ƙwan kaza. Har an taɓa ɗora wa Likita, mai asibitin, tsohon ƙunshi a madadin sabo, ta kira Manajan kamfanin ta wanke shi tas ba sabulu.

Shi ya sa wata safiya Manaja ya tara su. Ya ce, "Daga yau duk ƙunshin da injin nan ya ɗaure, ina so ya fito da bayaninsa a manne. Wane zubi ne, tsoho ko sabo, waɗanne shafuka ke ciki, wane maɓalli ke yin me. Gobe da safe za mu je asibiti mu nuna wa Likita."

Abokiyar aikin Ƙwaro, wadda suke kira Mai Tabarau, ta ce, "Ba wuya. Mu rubuta bayanin tun kafin a ɗaure, injin ya kwafa ya manna. Kafin azahar an gama."

Ƙwaro ya yi dariya har da buga tebur. "Wato mu tambayi mai buhu abin da ke cikin buhu? In ya yi mana ƙarya fa? Ni buhun zan tambaya! Injin na gama ɗaurewa zan sa ya kunna ƙunshin nan take, ƙunshin ya tashi ya faɗi abin da ke cikinsa da bakinsa."

"Ƙunshin nan don aiki aka yi shi," in ji Mai Tabarau. "In ka kunna shi aiki zai yi, ba hira ba."

"Yaya, ke dai tsoro ne ya hana ki ci gaba. A duniya kaf mutum uku ne suka iya abin nan."

"Sauran biyun an kore su ne, ko suna kwance?"

Manaja mutum ne da in ya ji an ce "a duniya kaf" sai jikinsa ya mutu. Ya ce a bar wa Ƙwaro.

Ƙwaro ya naɗe hannun riga, ya murza yatsu suka yi ƙas-ƙas, ya kunna. Ƙunshi ya farka a cikin injin, ya laluba, bai ga burauza ba, manhajar buɗe shafuka da ya saba zama a cikinta. Sai ya watso jan rubutu a fuskar kwamfuta ya mutu.

Manaja ya leƙo ta kafaɗarsa. "Me ya ce?"

"Wai babu taga."

Manaja ya nufi bango ya wangale tagogin ofis duka. Iska ta shigo ta kwashi takardun teburinsa ta watsa ƙasa. Ya juyo ya ce, "Yanzu fa?"

"Ranka ya daɗe, ba irin wannan tagar ba. Fuskar burauza yake nema, inda ya saba baje kayansa. Ƙyale ni da shi, yaro ne." Ya zauna ya rubuta wa ƙunshin taga ta bogi, ya sake kunnawa.

Wannan karon ƙunshi ya shiga ta tagar lafiya, sai ya tsaya ya ce a faɗa masa wanda ya shigo. Da mai hankali ne, da ya ƙirƙiri wani mutum ya sa masa suna Gwaji. Amma Ƙwaro bai ga dalilin da za a kafa tarihi da sunan wani ba. Ya sa sunansa, ya sa lambar wayarsa, ya sa hotonsa da ya ɗauka cikin kwat ɗin aro. Da aka zo gurbin muƙami, ya zaɓi shugaban asibiti, don kada wata ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Ƙunshi ya yi masa maraba, ya ce to ina marasa lafiya? Akwai rumbun bayanai na gwaji da suka tanada, cike da sunayen bogi. Ƙwaro ya dube shi ya taɓe baki ya ce wannan na 'yan koyo ne. Ya jona rumbun asibiti na gaske, mai sunayen mutane da lambobin wayarsu.

Saura maɓallai. Nan ma bai ɓata lokaci ba. Ta yaya za a san aikin maɓalli in ba a danna shi ba? Ya umarci injin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, tun daga sama har ƙasa, ya danna kowanne, ya rubuta abin da ya faru.

Fuskar kwamfuta ta yi kore shar. Bayani ya zubo reras: zubi kaza, shafuka kaza, wannan maɓalli na tura saƙon tuni, wancan na soke ranar ganin Likita, wancan na odar auduga, wancan na ba ma'aikata hutu. Ƙwaro ya miƙe ya ɗaga kofinsa sama kamar wanda ya ci gasa.

"Ranka ya daɗe, zo ka ga buhu na magana!"

Manaja ya gani, ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya ƙara basira. Mai Tabarau ta riga ta fita ɗauko 'ya'yanta daga makaranta, saboda haka ba wanda ya tambaye shi wane rumbu ya jona. Don ya ƙara wa miya gishiri, ya saita injin yadda duk sanda aka adana gyara, ko da waƙafi ne, zai sake ɗaurewa, ya sake kunnawa, ya sake dannawa. Sannan ya ƙare yinin yana ƙawata aikinsa. Ya canza launin kanun bayani, ya adana. Bai yi masa ba, ya mayar, ya adana. Ya ƙara wa sunansa girma, ya adana.

Wajen la'asar wayarsa ta yi ƙara. Wata mata ce.

"Shugaba, yarona da aka cire wa haƙori makon jiya, wai a dawo da shi gobe a sake cirewa. Wanne kuma? Wanda ya rage masa na cin abinci?"

"Baiwar Allah, kin yi kuskuren lamba."

Bai ajiye ba wani ya kira, yana tambaya an soke ne ko ba a soke ba. Bayansa wani, bayansa wata. Ƙwaro ya kashe wayar ya jefa aljihu, ya ce wa Manaja mahassada sun samu lambarsa, dama haka ɗaukaka take.

Da ya shigo layinsu da yamma, ya tarar da maƙwabta sun taru a ƙofar shagon tela, kowa da waya a hannu, domin yawancinsu asibitin nan suke zuwa. Tela na hango shi ya miƙe, almakashi a ɗaya hannun.

"Shugaba ya iso! A ba shi kujera!"

"Wane shugaba?"

Tela ya karanta da ƙarfi: "Gobe da safe za a cire maka haƙori. Ka zo ba ka ci komai ba. Daga shugaban asibiti, Ƙwaro." Ya juyo da wayar. "Har da hotonka da kwat. Ashe girma ya shigo layinmu ka ɓoye mana?"

Ƙwaro ya ƙura wa hotonsa ido. Nan take ya gane inda dannawar injin ta dinga sauka tun azahar. Gaskiya ta taso masa har maƙogwaro, ta yi karo da kalmar shugaba, ta koma inda ta fito. Ya zauna a kujerar, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ai ni ba na son surutu ne."

Mai shago ya matso. "To Shugaba, nawa saƙon a jere yake zuwa. A zo, an soke, a zo, an soke. Wanne zan bi?"

"Ka bi wanda zuciyarka ta fi natsuwa da shi."

Direban da ke kusa da gidansu ya ce, "Ni fa ciko kawai aka yi mini bara, kuma lafiyarsa lau."

"Sabon tsari ne. Rigakafi ya fi magani."

Ya samu ya sulale cikin gida, sai ya tarar da surukarsa Inna a falo, ta baje a kan tabarma, waya a cinya. Ya durƙusa ya gaishe ta. Inna ta dube shi da idon da bai taɓa gani a fuskarta ba.

"Ɗan nan, ka yafe ni. Ni ce na dinga ce wa 'yar nan mijinta danna-danna kawai ya iya, ashe likitoci ne a ƙarƙashinka. Haƙorin nan ba ya mini ciwo, amma tunda kai ka ce a cire, a cire."

Matarsa na tsaye a ƙofar kicin da ludayi, ta karkata kai. "Yaushe aka ba ka asibiti ban sani ba? Da safe fa ka fita kana neman safarka ɗaya."

"Sirrin aiki ne."

"Sirrin har da ni, amma ban da tela?"

Ya ɗauki kwamfutarsa ya shige ɗaki tun kafin a sauke tukunya. Kashe injin sai da makullin Manaja, wato lambar sirrinsa, kuma ya gwammace ƙasa ta tsage da ya kira Manaja ya ce ya yi kuskure. Cire dannawar kuwa, wannan shi ne yarda cewa Mai Tabarau ta fi shi. Sai dabara ta faɗo masa. Ya ƙera sabon maɓalli a saman sauran, mai tura saƙo cewa a yi watsi da saƙon baya. Ya adana.

Injin bawan Allah ne, abin da aka koya masa shi yake yi. Ya ɗaure, ya kunna, ya fara daga sama. Saƙon watsi ya fita, sannan sauran suka biyo shi a jere. Wayar Inna ta dinga ƙara a falo. Ta bayan katanga tela ya ɗaga murya, "Mun gani, Shugaba! Ba sai an ta tuna mana ba!"

Ƙwaro ya share gumi. Kuskuren jeri ne kawai. Ya ɗauke maɓallin ya mayar da shi ƙarƙashin na sokewa, ya adana. Yanzu saƙo ya zama: a zo, an soke, a yi watsi da saƙon baya.

Muryar mai shago ta taso daga waje. "Alhamdulillahi, an warware! Sokewar ce aka ce a yi watsi da ita. Kowa ya shirya!"

Ƙwaro ya rufe kwamfutar a hankali, kamar mai rufe tukunyar da maciji ke ciki.

Washegari suka ɗunguma a motar Manaja, Mai Tabarau a baya, Ƙwaro a gaba da kwamfuta a ƙirji. Tun kafin su kai, hanya ta cushe. Mutane a bakin ƙofa, mutane a kan matakala, wasu sun kama inuwar katanga. Wata babbar mota ta tare rabin titi, ana sauke kwalayen auduga ana jibgewa har sun kusa kai tagar bene.

Manaja ya yi murmushi. "Kai, kasuwa ta buɗe wa Likita. Kun ga amfanin shafi mai kyau?"

Mai Tabarau kuwa ta juyo daga kallon titi. Ta sauke tabaraunta ƙasa kaɗan, ta zuba wa ƙeyar Ƙwaro ido har sai da ya ji wurin na zafi.

Ciki ya fi waje. Teburin karɓar baƙi wayam, domin ma'aikata duka sun samu saƙon hutu sun yi godiya. Daga Likita sai mai gadi. Ɗakin jira ya cika da masu yunwa, kowa na shafa kumatu yana tunanin wanne za a ɗauke masa. Wani tsoho ya tare mai gadi, ya wangale baki yana nuna masa dasashi fal, ba haƙori ko na rantsuwa, yana tambaya me kuma ya rage da za a cire. A allon bango kuwa, inda ake nuna wanda layi ya zo kansa, hoton Ƙwaro ne cikin kwat yana murmushi.

Likita ta ratso jama'a ta tsaya gabansu, hannu a aljihun farar riga. Muryarta a sanyaye.

"Wanne ne shugabana a cikinku? Ina so in gaishe shi, tunda ya ba ma'aikatana hutu."

Kafin Manaja ya haɗa kalma, Inna ta miƙe daga layin gaba. "Ga shi nan! Surukina ne. Ku matsa masa, ku ba ku san manya ba?"

Ido ya dawo kansa ca. Da wani ne, da ya sunkuyar da kai. Ƙwaro kuwa sai ya taka kwalin auduga ya hau, ya gyara murya.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Abin da ya faru aikin masu kutse ne daga ƙasashen waje. Sun ga fasahar da na ƙirƙira, hankalinsu ya tashi."

"Masu kutsen ne suka ara maka kwat?" in ji Mai Tabarau.

"Tun safe ban sa komai a bakina ba!" wani ya yi ihu daga baya.

"Na rufe shago!"

"Na bar fasinja a tasha!"

"Shugaba," in ji tela, "shugaban ne kai ko ba shugaban ba?"

"Wannan tambaya ce mai zurfi. Bari in nuna muku hujja, ku gani da idonku."

Ya buɗe kwamfutar a kan hannu ɗaya, ya juyo da ita wajen jama'a. Bayanin ƙunshi na nan reras, abin alfaharinsa. Sai idonsa ya faɗa kan kanun, ya ga harafi ɗaya ya ɓace a cikin sunansa. A gaban wannan taro! Yatsansa bai nemi shawarar kansa ba. Ya gyara, ya adana.

Mai Tabarau ta ce, "Kada ka..." amma bakin alƙalami ya bushe.

Sai wayar tela ta yi ƙara. Ta mai shago ta amsa. Ta Inna ta karɓa. Nan da nan asibiti ya ɗauka gaba ɗaya, daga ɗakin jira har matakala har titi, kamar kwaɗi bayan ruwan sama. Wayar Likita ma ta yi motsi a aljihu. Ta ciro ta duba.

"An ba ni hutu," ta ce.

Direban babbar motar ya leƙo ta ƙofa. "An ƙara oda yanzu-yanzu! Ina zan sauke na gaba?"

Jama'a suka yunƙuro. Kwalin da ke ƙarƙashin Ƙwaro ya lotsa, ya diro, ya cusa wa Manaja kwamfutar, ya faɗa ƙofar da ta fi kusa ya murza makulli. Da ya juya sai ya ga doguwar kujera mai kwanciya, da fitila a samanta, da ƙananan ƙarafa a jere a faranti suna ƙyalli. A waje ana dukan ƙofa, muryar direban nan maƙwabcinsa ta fi ta kowa.

Wata ƙofa ta gefe ta buɗe, Likita ta shigo tana sa safar hannu.

"Mutanen can ba za su taɓa mara lafiya ba," ta ce. "Shugaba kuwa ban yi maka alkawari ba. Waje ko kujera?"

Ƙwaro ya saurari ƙofa, ya dubi kujera. Ya hau ya kwanta.

"Buɗe baki. Na lura ba ya yi maka wuya."

Ta haska fitila, ta leƙa, ta ƙwanƙwasa wani na can ƙurya da ɗan ƙarfe. Ƙwaro ya zabura har takalminsa ɗaya ya fita.

"Wannan ya ruɓe tuntuni. Ko ba yau ba sai ya fita. In cire?"

Aka sake dukan ƙofa. Ƙwaro ya gyaɗa kai da sauri.

Yana kwance ana yi masa allura, a waje Manaja ya miƙa wa Mai Tabarau makullin injin ta kashe shi ta kwamfutar. Shi kuma ya bi jama'a layi-layi yana ba da haƙuri, yana rantsuwa ba za a cire wa kowa komai ba, har muryarsa ta dishe. Wasu suka tafi neman abin kari suna tsaki. Da yawa kuwa suka ƙi motsawa, suka ce sai sun ga fitowar shugaba.

Can sai ƙofa ta buɗe. Ƙwaro ya fito, kunci ɗaya ya kumbura, baki cike da auduga, leɓe ya saki gefe guda, takalmi ɗaya a hannu. Ganin cewa dai an cire wa wani haƙori a ranar ya sanyaya zukatan mutane. Direba ma da ya naɗe hannun riga, sai ya warware.

Tela ya matso. "To, Shugaba, yi mana bayani."

Ƙwaro ya ɗaga yatsa sama kamar yadda ya saba, ya buɗe abin da ya buɗu na bakinsa, ya zubo wata doguwar magana. Ba wanda ya tsinci kalma ɗaya. Manaja ya dubi Mai Tabarau, Mai Tabarau ta dubi Likita.

Sai tsohon nan mai dasashi ya matso yana dogara sanda. "Ku dakata, ni na ji shi. Yarenmu ne." Ya kara kunne, Ƙwaro ya maimaita. Tsoho ya gyaɗa kai ya juyo wajen jama'a.

"Wai cewa yake, ku dai ku faɗi gaskiya tsakaninku da Allah, a duk saƙonnin nan akwai ko ɗaya da ya ɓata a hanya?"

Inna ta gyara mayafinta, ta ɗauki jakarta, ta dubi surukinta tun daga kumburin har ƙafar da ba takalmi. Sannan ta juya wajen Likita.

"'Yar nan, akwai sauran allurar? A ƙara masa. Bai gama mutuwa ba, bakin."